Zuciyar Rago da Gudun Yaya Bukar

Na karanta abin da masana suka rubuta game da makaman da Nasara ya ci ƙasar Damagaram da su. Sun lissafa bindiga da igwa da haraji, amma ban ga wanda ya ambaci mafi haɗarinsu ba, wato rabin darasi. Ni na ga ɓarnarsa da idona, domin a hannuna ya tashi. An ɗanka mini shi wata Laraba da hantsi, bayan an gama yankan gero, a shekarar da aka kwashe gwamna da akwatunansa daga garinmu aka kai Yamai. Manya suna ta jimamin an rage wa Damagaram daraja, mu kuwa ƴan lakwal, wato makarantar Nasara, muna zaune a tabarma, mun zuba wa wata ƙwarya ido, wadda malaminmu ya shigo da ita rufe da faifai. Mutumin Dahome ne, dogo, mai farin wando da bai taɓa shiri da ƙasa ba. Mushe muke ce masa, wato malam a bakin Faransawa, kuma har ya bar garin ban san yana da wani suna ba. Da ya ɗaga faifan sai ga zuciyar rago, ɗanya, da kitsenta, ya sayo ta wurin mahauta tun da safe. Wani yaro a bayana ya tambaya cikin raɗa ko gasawa za a yi.

Mushe ya sa wuƙa ya tsaga ta, ya riƙa kiranmu bibbiyu muna leƙawa. Ya nuna mana ɗakuna huɗu, biyu ƙanana a sama, biyu manya a ƙasa, da wasu ƴan fatu farare a bakin ƙofofin, ɗaure da zaruruwa, waɗanda ke barin jini ya wuce amma su hana shi komawa. Ya ce jini ba ya kwanciya wuri ɗaya kamar ruwan randa. Gefen dama yana tura shi huhu ya sha iska, ya dawo gefen hagu, gefen hagu ya tura shi cikin jijiyoyi har ɗan yatsan ƙafa, ya kuma zagayo, haka dare da rana tun daga ranar haihuwa. Ya kira zuciyar da sunan wata na'ura ta ƙasar Faransa da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu, da ya ga mun yi zuru sai ya ce to mu tuna zugazugin maƙeri. Ya kama yatsana ya sa na matsa bangon dama, sannan na hagu. Na hagun ya fi kauri nesa ba kusa ba. Na taɓa, na ji, na goge yatsan a riga, ban tambayi dalili ba. Daga nan ya koya mana ɗora yatsu biyu a wuyan hannu mu ji tana bugawa, ya kore mu muka zagaya filin lakwal a guje, muka dawo muka sake ji. Tawa kamar za ta tsage rigata. Ya ce, "Kun ji? In aiki ya ƙaru, sauri take yi. Sauran bayani sai jibi." Jibin nan bai zo ba. Kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kwanta fiye da wata biyu, aka bar mu a hannun wani babban ɗalibi wanda iliminsa ya tsaya a sa mu ban ruwa a lambun kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, da rera sunayen kogunan Faransa.

Mu Barebari ne, kakanmu ya zo daga Barno da ayari ya zauna a Birni, a gindin wani dutse da akuyoyin unguwa suka mai da shi masallacinsu. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, gidan ya rage mu uku, Iya da Yaya Bukar da ni. Gana ake kirana, wato ƙarami a bakin mutanenmu. Yadda na shiga lakwal ba wani abin alfahari ba ne. An ce mai unguwa ya kawo yara, shi kuwa ya duba gidan da babu mai gida da zai yi masa gardama. Gonarmu tana kan hanyar Gaffati, kuma in an ce gonarmu to Yaya Bukar ake nufi, domin shi ke sharar ta, ya shuka, ya yi noman fari da maimai, ya yanka, ya ɗaure, ya ɗauko damman a ka. Da rani ya rataya tuluna yana sayar da ruwa gida-gida, don a garinmu ruwa bai taɓa zama abin banza ba. Iya tana kaɗi tana daddawa. Ni nawa jan guga da safe, da kai akuya bayan ganuwa, da tsinto kara, sannan langa in wata ya fito. Tuwon da ke shiga cikina kuwa, har da wanda nake rera kogunan Faransa da ƙarfinsa, daga kafaɗar Yaya Bukar yake fitowa.

Ana cikin kwanciyar Mushe sai mai shela ya bi unguwanni, ya ce nan da wata biyu za a tara samari a bariki, likita ya duba su, wanda aka samu da lafiya ya tafi soja shekara uku. Sunan Yaya Bukar yana ciki, bisa dalilin da ya kai ni lakwal. Garin ya cika da labarin likitan. Aka ce yana da wata igiya mai baki biyu da yake sawa a kunne, ya ɗora ƙarshenta a ƙirjin mutum, in zuciyar ba ta yi masa ba ya ce a sake shi. Kowa ya kama dabararsa. Wasu suka koma cin taba da kanwa har idonsu ya yi ja, wasu suka daina cin tuwo, malamai kuwa ba su taɓa ganin kasuwa irin ta bana ba. Akwai wani Bakano mai fataucin goro, Malam Sule, da ke sauka a zauren maƙwabcinmu. Ya zo ya tsuguna a ƙofar gida ya ce, "Iya, ki ba ni yaron nan ya kora mini jakai. Kwana nawa ne mun shiga Daura, inda hannun Faransa ba ya kai? In ƙura ta lafa ya dawo miki." Iya ta kwana biyu tana juya maganar. In ya gudu gardawan kumandan, wato dogaransa, za su kwashe akuyoyi, wataƙila su shanya ta a rana, amma dai ɗanta yana inda saƙo ke zuwa. A rana ta uku na dawo daga lakwal na tarar tana daka masa guzuri.

A nan ilimi ya miƙe tsaye, yana da shekara goma sha ɗaya da kaɗan, ba shi da takalmi. Na yi lissafina tun a hanya. Duk abin da na sani a duniya aiki cinye shi yake yi. Igiyar rijiya tana tsinkewa, guga yana hujewa, zugazugin maƙerin unguwarmu duk faci ne, jakin da aka matsa wa kuma ba ya kai damina biyu. Mushe da bakinsa ya ce gudu yana ƙara wa zuciya aiki. Ashe in Yaya Bukar ya yi ta gudu kullum har wata biyu, zuciyarsa za ta gaji, likita ya saurara ya ji ta lalace, ya kore shi gida, bayan nan ya huta ta warke. Ba gudun hijira, ba rasa akuya. Na zayyana musu wannan a tsakar gida, har da zanen ɗakuna huɗu a ƙasa da tsinke. Iya ta ajiye taɓarya ta ce, "Nasara ne ya faɗa maka haka?" Na ce Mushe ya nuna mana da wuƙa, na taɓa da hannuna. Yaya Bukar ya yi dariya ya ce, "To, malam Gana ya yi fatawa." Amma na ga ransa ya so, domin ba ya son barin Iya. Da aka gaya wa Malam Sule, bai yi musu ba, ya dai dube ni ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," ya ɗaure kayansa. Na ɗauka hassada ce irin ta wanda bai shiga lakwal ba. Ya tafi da jakansa, guzurin kuwa muka cinye shi a gida, kuma na fi kowa ci.

Haka muka fara. In an sallame asuba sai Yaya Bukar ya saɓa salka cike da ruwa, don na ce nauyi zai gaggauta aikin, ya hau dutsen bayan gidanmu a guje, ya sauko, ya bi gindin ganuwa, ya dawo ya sake hawa. Ni ina zaune a kan wani falalen dutse, na naɗe ƙafa, ina ba da umarni. A Damagaram ta wancan zamani babba ba ya gudu sai da dalili, dalilin kuma yakan kasance a bayansa. Mutane suka riƙa leƙa bayan Yaya Bukar su ga abin da ya biyo shi. Wata tsohuwa mai ƙosai a bakin hanya kullum sai ta ɗaga murya, "Bukar, kura ce ko gardi?" Shi kuma ya ce, "Ƙanena ne, Kaka!" Ta ce, "To wannan ya fi su." Yara suka riƙa bin sa suna tafi har suka gaji suka daina. Akuyoyi ma da farko watsewa suke yi, daga baya sai su matsa masa kaɗan kawai, irin yadda ake yi wa maƙwabci.

Aiki irin wannan yana bukatar awo, mu kuwa ba mu da agogo, agogon garin ma na kumandan ne. Sai na mai da Iya agogo. Da yamma, in Yaya Bukar ya huta ya ci tuwo, sai ya miƙo hannu, in ɗora yatsu biyu, Iya ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai da muryarta da ba ta sauri ba ta nawa, ni kuma duk bugu goma in ajiye ƙwallon tsamiya ɗaya. Ƙwallayen kowane mako ina tara su daban a gindin randa. Mako ya bi mako, sai tarin ya fara raguwa. Zuciyar da ke sukuwa a farko ta koma tafiyar raƙumi, bugu ɗaya, ta dakata, sannan wani. Na nuna wa Iya tarin farko da na yanzu na ce, "Kin gani? Tana gajiya." Iya ta ɗaga hannu ta yi hamdala, washegari ta yi sadakar waina. Ban taɓa ganin uwa tana godiya ga Allah don an ce zuciyar ɗanta tana lalacewa ba sai ranar, kuma ni na sa ta. Yaya Bukar dai yana cin malmala biyu inda da yake cin ɗaya, ƙirjinsa ya buɗe, yana hawa dutsen yana yi mini hira. Wata rana ya ce, "Gana, ni fa ƙarfi nake ƙara ji." Na ce masa ai fitila ma in za ta mutu sai ta ƙara haske. Ban san inda na samo wannan ba, amma ta yi kama da magana, kuma ta rufe masa baki.

Wani dare Iya ta miƙo nata hannun cikin wasa ta ce in duba mata. Na ɗora yatsu. Tata tana gudu, ta yi tuntuɓe, ta tsaya, ta sake zabura, kamar gangar ɗan koyo. Bisa ilimina mai sauri ita ce mai ƙarfi, don haka na yi mata albishir cewa zuciyarta ta budurwa ce. Ta yi dariya har da tari. Na san ƙafafunta suna kumbura da yamma, na san takan dakata a tsakiyar daka ta dafa turmi, na san ta koma barci a jingine da bango. Na ɗauka haka iyaye mata suke.

Ranar tarawa ina lakwal, ba a ba mu izinin fita ba. Iya ta wuni a ƙofar bariki tare da sauran mata, ba a barin kowa ya leƙa. Da la'asar aka fara sako waɗanda aka ƙi, kowa ya fito yana yabon layarsa ko tabarsa. Yaya Bukar bai fito ba. Bayan kwana biyu muka hango shi ta tsakanin ƙyauren, an aske masa kai, ya ɗaga mana hannu. Iya ta juya muka koma gida. Ta tuƙa tuwo daidai na mutum uku saboda sabo, ta tura mini na biyun ta ce, "Ci, abin da aka rubuta ba ya gogewa." Ni kuwa a lokacin abin da ke cina shi ne ba mu yi gudun da yawa ba. Da na sa shi ya ɗauki salka biyu.

Mushe ya dawo yana ɗingishi da sanda, da wata ƙwaryar rufe da faifai. Ya tsaga sabuwar zuciyar ya ce, "Ina muka tsaya?" Ya tambaya me ya sa bangon hagu ya fi na dama kauri. Na ji bakina yana cewa, don shi ke tura jini nesa, ya fi aiki. Kafin in rufe baki na ji abin da na faɗa. Mushe ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce zuciya tsoka ce, tsoka kuwa ba igiya ba ce, aiki gina ta yake yi, mu dubi damtsen maƙeri. Ya ce zuciyar mai gudu a hankali take bugawa, don kowane bugu yana tura jini mai yawa, kamar babban guga da ke cika tulu da ja kaɗan, kuma irinta likitan soja ke nema. Ya ƙara da cewa mai rauni ita ce ke gaggawa tana tuntuɓe, in ta kasa kwashe jinin sai ruwa ya taru a ƙafafu, mai ita ya kasa kwanciya. Duk wannan bai ɗauke shi tsawon shan fura ba. Da aka tashi ya ce tunda ni na ba da amsa, ni zan tafi gida da zuciyar. Na kai wa Iya a cikin faifai. Ta gasa ta, ta ba ni kaso mafi girma, ta ce ɗan karatu ya fi bukata.

Daminar nan ni da Iya muka noma abin da muka iya, bai kai rabin gonar ba, sauran ciyawa ta gada. Wani kawunmu na Tirmini yakan aiko da dami in ya tuna. Labarin Yaya Bukar yakan zo jefi-jefi a bakin masu raƙuma, yau a ce yana Agadas, gobe a ce Bilma. Iya ba ta daina miƙo mini hannu ba. Takan ce, "Gana, duba mini, har yanzu da ƙarfinta?" In ɗora yatsu, in ji gangar ɗan koyon nan ta ƙara rikicewa, in ce da ƙarfinta, Iya. Amsar dai ita ce ta da, sai dai yanzu na san abin da nake ji. Ta rasu a damina ta biyu, a jingine da bango, tana fuskantar ƙofa. Daura kwana kaɗan ce, da can Yaya Bukar yake da saƙo ya kai shi. Ya dawo shekara guda bayan rasuwarta da jar hula da ƴan kalmomin Faransanci marasa kyau, ya je kabari, ya wuce gona. Ban tambaye shi yadda aka yi aka ɗauke shi ba, kuma ban tambayi kowa da ya shiga bariki ranar ba, don mai tsoron amsa ya san hanyoyin da ba a haɗuwa da ita.

Na zama malamin lakwal, na koyar a garuruwan ƙasar nan har gashina ya yi fari. Kowace shekara nakan sayi zuciyar rago in tsaga wa yara, kuma ɗalibaina sun san wannan darasi ba a tashi a tsakiyarsa, ko an buga ƙararrawa, ko tuwo ya huce a gida, ko wani yana matse da fitsari. Sun ɗauka mugunta ce, na bar su a haka. Yau yara suna ganin zuciyar a hoto mai launi, ja da shuɗi, da kibiyoyi masu nuna hanya, ba wanda zai goge jini a riga. Agogo yana wuyan hannun kowa. Kwanan baya da numfashi ya fara yi mini gardama aka kwantar da ni a asibiti, wata yarinya sa'ar jikata ta kama hannuna tana duban agogonta, ta gama ta rubuta ta tafi. Awonta ya fi nawa gaskiya, amma na kama kaina ina jiran in ji Ƙulhuwallahu. Agogon da na fi yarda da shi a duniya, shi na yi wa ƙarya.

Yaya Bukar ya zo duba ni, a ƙasa, daga gona, ya ce mota tana sa shi jiri. Ya zauna a bakin gado yana ɓare goro da haƙori. Na ga in ban yi yanzu ba babu wani jibi, sai na ce, "Yaya, ka yafe mini. Gudun nan da na sa ka, shi ya sa likita ya ji zuciyarka ya ɗauke ka." Ya daina tauna ya dube ni.

"Wane likita?"

"Na bariki. Mai igiya a kunne."

"Kai, Gana, har yanzu karatun bai sake ka ba? Ai ranar likitan yana Gure. Wani soja ne ya bi layi da sanda yana cewa mu buɗe baki."

Haƙora aka duba.